Wanda ya yi raino shi ke da ɗa

Daren Litinin, 1 ga Yulin 2024, ana idar da sallar isha'i gidan kallon unguwarmu ya cika har bakin ƙofa. Fotugal ce ke karawa da Sloveniya a birnin Frankfurt, zagayen 'yan 16 na gasar cin kofin nahiyar Turai, kuma in ka ware mutum biyu ko uku, kowa Ronaldo ya zo gani. Aka yi minti 90 babu ci. Ana cikin ƙarin lokaci alƙalin wasa ya busa fenariti, ɗaki ya kaure da ihu, wasu har sun fara tafawa tun ba a buga ba. Ronaldo ya dasa ƙwallo, ya ja da baya, ya yi irin tsayuwar nan tasa, ya buga. Jan Oblak, golan Sloveniya, ya miƙe a iska ya ture ta, ta daki ƙarfe ta fita. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar janareta. Da aka hasko Ronaldo yana hawaye, wani yaro da ke bencin gabana ya kifa kai a gwiwa kamar an yi masa rasuwa.

Cikin wannan shirun wani dattijo da ke gefena ya taɓa ni ya ce, "Malam, wai Sloveniyar nan a ina take ne?" Kafin in buɗe baki wani ya ce ai jiya-jiyan nan Ingila ta fitar da su. Aka ce masa a'a, waccan Slobakiya ce. Sai wani saurayi daga baya ya ɗaga murya: "Wallahi Baba, da ni ne Oblak da tuni na karɓi takardar Sifaniya. Shekara goma yana Atletico, me zai tsinta a wannan 'yar ƙasar?" Dokar FIFA ma ba za ta bar shi ba, tunda ya daɗe yana tsare wa ƙasarsa raga, amma ba doka ce a ran yaron ba. Tambayarsa ita ce, me ke riƙe babban ɗan wasa ga ƙaramar ƙasa?

Fotugal ce ta wuce a daren, golanta Diogo Costa ya kaɗe fenariti uku a jere. Ni kuwa maganar saurayin nan ce ta raka ni gida. Tun daga ranar nake bin diddigin rayuwar 'yan wasan wannan ƙasa, masu ƙwallo da masu keke da masu hawan bango, kuma inda na tsaya shi ne ɗan wasa na wanda ya raine shi ne. Abin da ke sa mutum ya bar hutunsa, ya ajiye miliyoyinsa a gefe, ya zo ya saka rigar ƙasa ya yi kasadar karaya a wasan da ba a biyansa abin a zo a gani, bashi ne da yake jin nauyinsa a wuya. Ƙasar da ba ta ba da wannan bashin ba, ba ta da bakin zuwa tambayarsa.

Amsar da na ba dattijon daga baya ita ce, Sloveniya tana maƙale tsakanin Italiya da Ostiriya da Hangari da Kuroshiya, a gindin duwatsun Alps. Faɗinta kilomita murabba'i dubu 20 da 'yan kai, kusan daidai da jihar Kano, mutanenta kuma miliyan 2 da dubu ɗari ne, birnin Kano kaɗai ya fi su yawa. A watan Yunin 1991 ta ɓalle daga Yugoslabiya, yaƙin kwana goma ya biyo baya. Daga wannan ɗan wuri Luka Doncic na ƙwallon kwando ya fito, da Tadej Pogacar da Primoz Roglic na tseren keke, da Janja Garnbret da ta ci zinaren hawan bango a Tokyo ta sake ci a Paris, da Tina Maze da ta ɗauki zinare biyu a wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a Sochi a 2014, da Anze Kopitar na hokin ƙanƙara, da Benjamin Sesko da Manchester United ta saya a watan Agustan 2025. Shugaban UEFA ma, Aleksander Ceferin, ɗan can ne. Ranar 23 ga Satumba kuwa rana ce ta ƙasa da suka keɓe wa wasanni, don tunawa da ranar da aka fara buga takensu a Olamfik, a Sidni a 2000, lokacin da suka ci zinare biyu a yini ɗaya, ɗaya a tseren kwale-kwale ɗaya a harbi.

Da yawa in sun ji wannan sai su tsaya kan mamakin yawa da ƙaranci. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kusan dukansu ba su zauna a gida ba. Oblak yana da shekara 17 ya tafi Benfica a 2010, aka yi ta yawo da shi aro a ƙananan kulob-kulob na Fotugal kafin Atletico Madrid ta ɗauke shi a 2014. Sesko yana ɗan shekara 16 ya tafi Salzburg. Kopitar tun yana matashi ya wuce Suwidin, daga can sai Los Angeles. Pogacar ƙungiyar Hadaddiyar Daular Larabawa yake tuƙa wa keke. Lig ɗin ƙwallon ƙafarsu ba wanda ke kallonsa a gidan kallo, ba shi da kuɗin riƙe kowa. Mu a nan muna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Waɗannan sun bar gida tun gemu bai fito ba, amma gida bai bar su ba, su ma ba su bar shi ba.

Doncic ne ya fi fito da abin fili. An haife shi a Ljubljana a watan Fabrairun 1999, mahaifinsa ɗan ƙwallon kwando ne, a kulob ɗin Olimpija ya koyi riƙe ƙwallo. A 2012, yana ɗan shekara 13, Real Madrid ta ɗauke shi. Yaron da bai gama ƙaramar sakandare ba, a garin da bai san harshensu ba. Madrid ce ta ƙarasa rainonsa: yana da shekara 16 ya fara buga wa babbar tawagarta, yana da 19 ya ci mata kofin Turai aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar. Da ya ce Sifaniya zai buga wa, da wuya wani ya ga baƙinsa. Rigar Sloveniya ya saka. A 2017, shi da Goran Dragic suka ci wasa tara a jere suka ɗaga kofin nahiyar a Istanbul, bayan sun doke Sabiya da ci 93 da 85 a wasan ƙarshe. A 2021 ya kai su Olamfik karon farko a tarihinsu, ya zura maki 48 a ragar Ajantina a wasansa na farko a Tokyo, maki ɗaya tak ya raba su da wasan ƙarshe a hannun Faransa. Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na 2024. A tsakiyar Yuni aka gama wasan ƙarshe na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, Boston ta doke Dallas, ƙungiyarsa a lokacin, Doncic ya fito jikinsa duk ciwo bayan wata takwas yana wasa ba hutu. Mako biyu bayan haka yana ƙasar Girka da rigar Sloveniya, yana neman mata gurbin Olamfik. Ba su ma samu gurbin ba. Mutumin da ya zura maki 73 a wasa ɗaya a watan Janairun shekarar ba ya bukatar wannan wahala don suna ko don kuɗi.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da Sloveniya ta riƙe da hannu biyu shi ne farkon rayuwar yaro, shekarun nan da babu kyamara, babu dillali, babu wanda ya san zai zama wani abu. Tun cikin shekarun 1980, duk watan Afrilu, makarantun firamare da sakandare na ƙasar suna auna ɗalibansu: tsayi, nauyi, gudun mita 60, gudun mita 600, tsallen tsaye, yawan daƙiƙun da yaro zai iya rataye a jikin ƙarfe. Malamin motsa jiki ne ke aunawa ya rubuta, tsangayar wasanni ta Jami'ar Ljubljana ta tattara, iyaye su ga sakamakon ɗansu shekara bayan shekara. SLOfit suke kiran tsarin. Asalinsa don lafiyar yara aka yi shi, shi ya sa da aka rufe makarantu lokacin korona a 2020 suka iya nuna wa gwamnati da alƙaluma cewa ƙarfin jikin yaransu ya faɗi faɗuwar da ba a taɓa gani ba tun da aka fara awon. Amma ƙasar da ke duba kowane yaro sau ɗaya a shekara, da wuya mai baiwa ya ɓace mata. Kuma awon bai ware 'yan mata ba. Zinare biyun da suka ciyo a Paris a 2024 duka mata ne suka ciyo su, Garnbret a hawan bango da Andreja Leski a judo.

Daga makaranta sai ƙaramin kulob na gari. Pogacar ɗan ƙauye ne a yankin Komenda, yana da shekara tara ya bi yayansa zuwa kulob ɗin keke na Rog a Ljubljana, wanda ya samo sunansa daga tsohuwar masana'antar kekuna ta birnin. Akwai labarin da aka sha bayarwa game da Andrej Hauptman, wanda ya taɓa cin tagulla a gasar keke ta duniya a 2001. Ya je kallon tseren yara, ya hango wani ɗan mitsitsi can a bayan ayarin waɗanda suka girme shi yana ta fama shi kaɗai, tausayi ya kama shi, ya ce wa masu shirya tseren su taimaka wa yaron nan. Suka ce masa ai shi ne na ɗaya, zagayo su ya yi yana shirin sake wuce su. Kowa in ya ji labarin yaron yake yabo. Ni Hauptman nake kallo. Mutum mai lambar duniya ya kashe yininsa a bakin titi yana kallon tseren yara ƙanana, shi ya sa ya ga abin da ya gani. Yaron nan ya ci Tour de France, babban tseren keke na Faransa, a 2020 da 2021 da 2024 da 2025.

Duk lokacin da na tuna wannan sai firamarenmu ta faɗo mini. Muna da malamin wasanni mai usur rataye a wuya, wanda in intahaus ta matso yakan sa mu kwaso toka daga gidajenmu, ya ja igiya, mu bi muna zubawa har layukan gudu su fito fari tas a kan jar ƙasa. Akwai wani yaro a ajinmu, ba zan kama sunansa ba, siriri, ba ya saka takalmi in zai yi gudu. Muna aji huɗu yake tsere wa 'yan aji shida, kuma in ya tsallake igiyar ƙarshe ko haki ba ya yi, sai ya juyo yana jiran sauran. Kyautarsa bokitin roba da sabulu sanda ɗaya. Babu wanda ya riƙe agogo ya auna lokacinsa, babu inda aka rubuta, babu wanda ya zo daga ko'ina ya ce wa mahaifinsa, "Alhaji, yaron nan naka Allah ya yi masa baiwa, ka ba mu shi ranar Asabar." Da na koma makarantar shekarun baya, rabin filin ya zama jerin shaguna, sauran rabin an kafa ajujuwa, yara suna tara a wani lungu da bai fi tsakar gida ba. Na daɗe tsaye a wurin raina a ɓace.

Riƙo na biyu da na gani a wurin mutanen nan shi ne ranar faɗuwa, kuma a nan babu labarin da ya kai na Primoz Roglic. Shi ba da keke ya fara ba. Wasansa na farko shi ne tsallen dusar ƙanƙara, wanda mutum ke ɗaura dogayen allunan zamiya a ƙafa, ya gangaro daga ƙololuwar tudu a guje, ya tashi sama kamar tsuntsu ya sauka can nesa. A 2007 yana cikin matasa huɗu da suka ciyo wa Sloveniya kambun duniya na matasa a gasar da garin Tarvisio na Italiya ya karɓi baƙuncinta. A shekarar dai, a kwarin Planica, inda Sloveniyawa ke taruwa dubbai duk ƙarshen hunturu, iska ta juya shi a sama ya faɗo da ka, aka ɗauke shi a sume. Ya warke ya ci gaba, amma ya gane ba zai kai inda yake buri ba, sai ya ajiye allunan. Ya haura shekara 20 kafin ya fara tseren keke, shekarun da tsaransa suka riga suka yi nisa. Wata ƙaramar ƙungiya ta garin Novo Mesto, Adria Mobil, ta ba shi riga da keke a 2013. Bayan shekara shida ya ci Vuelta ta Sifaniya, ɗaya daga manyan tseren keke uku na duniya.

Sai ranar 19 ga Satumban 2020. Roglic na sanye da rigar ɗorawa ta jagoran Tour de France, saura kwana ɗaya a shiga Paris, yana gaban na biyu da daƙiƙa 57. Tseren ranar irin wanda kowa ke fita shi kaɗai ne ana auna masa lokaci, ya ƙare a kan dutsen La Planche des Belles Filles. Na biyun nan Pogacar ne, ɗan ƙasarsa, ƙaninsa da shekara tara. Yaron ya cinye tazarar, ya ɗora daƙiƙa 59 a kai. Duk wanda ya ga hoton Roglic a ƙarshen hawan nan, fuska ta yi fari fat, hular kwano ta karkace, ya zube a kan kwalta, ya ga yadda aikin shekaru ke zubewa cikin awa ɗaya. Ya tashi ya je ya rungumi Pogacar. Bayan mako biyu ya ci tseren Liège a Beljiyam, a watan Nuwamba ya sake cin Vuelta, a shekarar da ta biyo ya ci zinaren Olamfik a Tokyo.

A watan Mayun 2023 tarihi ya so ya maimaita kansa a Giro ta Italiya, sai dai wannan karon shi ne a baya, Geraint Thomas na Birtaniya yana gabansa da daƙiƙa 26. Tseren kai-kaɗai ne kuma, a kan dutsen Lussari da ke saman Tarvisio, garin da ya karɓi baƙuncin gasar da ya ci kambun tsalle yana yaro, tafiyar 'yan mintoci daga iyakar Sloveniya. Mutanensa suka tsallako suka cika dutsen da tutoci. Yana tsakiyar hawa, a inda hanya ta fi miƙewa, ya daki wani rami cen ɗin kekensa ya fita. Ya sauka ya mayar. Duk wanda ya taɓa tsayawa da keke a tsakiyar tudu ya san tashin ne aiki. Makanikensa ya kama turi, sai ga wani ɗan kallo da jar riga ya sheƙo da gudu ya sa hannu suka tura shi tare har ƙafarsa ta kama feda. Daga baya aka gane mutumin Mitja Meznar ne, ɗaya daga cikin yaran nan huɗu da suka ci kambun 2007 tare. Roglic ya ci Giro da tazarar daƙiƙa 14. Na kalli wannan turin ya fi sau goma. Abokin yarinta, shekara 16 bayan nan, ya hau dutse da ƙafarsa don ya ga wucewar ɗan'uwansa na 'yan daƙiƙu, Allah kuma ya sa ya tsaya daidai inda za a bukace shi.

Josip Ilicic ma yana cikin filin a daren nan na Frankfurt. A watan Maris na 2020 ya zura wa Valencia ƙwallo huɗu shi kaɗai a gasar zakarun Turai yana Atalanta. Watanni kaɗan bayan haka, korona tana ta ɗibar rayuka a Bergamo inda yake zaune, ciwon damuwa ya kwantar da shi, ya daina wasa na tsawon lokaci. A 2022 ya koma gida, tsohon kulob ɗinsa Maribor ya karɓe shi jikinsa ya yi nauyi, aka bi shi a hankali har ƙafarsa ta dawo. Kocin ƙasa Matjaz Kek ya tafi da shi gasar Turai yana da shekara 36. Shi ya buga fenaritin farko a kan Fotugal, aka kaɗe. Wannan bai rage komai daga abin da nake nufi ba: mutum ya faɗi irin faɗuwar da a wurinmu ake ɓoyewa ko a yi ta tsegumi a kanta, ya sami gidan da zai koma. Haka kuma gwamnatinsu tana ɗaukar fitattun 'yan wasa aiki a soja da 'yan sanda, musamman masu wasannin da ba su kawo kuɗi, don mai judo ko mai kwale-kwale ya yi atisaye da albashi a aljihu. Wannan ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Chioma Ajunwa 'yar sanda ce lokacin da ta ciyo zinaren dogon tsalle a Atlanta a 1996.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Sloveniya ƙasa ce mai rufin asiri, tana cikin Tarayyar Turai tun 2004, yaro ya ƙoshi kafin a ce masa ya yi gudu. Milan da Munich da Vienna tafiyar mota ce. Dokar FIFA ta hana a sayi yaro daga wata ƙasa kafin ya cika 18, amma ta sassauta wa 'yan Tarayyar Turai daga 16, shi ya sa Sesko ya tafi Salzburg ta ƙofar gaba da kwantiragi da makaranta, yayin da tsaransa na Kaduna ko Damagaram ke sayar da gonar gado su miƙa wa dillalin bogi. Na yarda da duk wannan. Sai dai agogon auna gudu da tef na awo da littafin rajista ba su kai kuɗin tayar mota ɗaya ta ayarin babban mutum ba, kuma barin filin makaranta a matsayin fili ba ya cin ko kwabo.

Su ma can ba a rasa masu ɓata lamari. Gab da Olamfik ta Paris, masu zaɓen tawagar keke ta mata suka ajiye Urska Zigart, alhali ita ce zakarar ƙasar a tsere biyu a shekarar. Zigart ita ce wadda Pogacar zai aura. Yana gama cin Tour ya janye daga Olamfik, aka ce gajiya, shi kuma bai ɓoye cewa abin da aka yi mata yana cikin abin da ya sanyaya masa gwiwa ba. Ƙasar ta yi asarar lambar da kusan kowa ke ganin tana hannu. Wannan ma hujjata ce: ko ɗan da ka raina, ranar da ka yi masa rashin adalci zai ja baya. Akwai kuma abin da ban so ba a tarihin nasu. Kofin 2017 da Anthony Randolph aka ci shi, Ba'amurke abokin wasan Doncic a Madrid, wanda aka ba takardar zama ɗan ƙasa ana gab da gasar don ba su da dogon da zai tsaya ƙarƙashin kwando. Haka aka yi da Mike Tobey kafin Tokyo. Doka ta yarda da mutum ɗaya irin wannan a tawaga, amma ni a wurina haya ce. Na bambanta shi da na Merlene Ottey, 'yar tseren Jamaika da ta koma Ljubljana da zama wajen kocinta, ta zama 'yar ƙasa a 2002, ta yi musu gudu a Athens tana da shekara 44. Ita ta zauna da su, ta ci abincinsu, ta sha sanyinsu.

A wannan Olamfik ɗin ta Paris Najeriya ta kai 'yan wasa 88 ta dawo hannu rabbana. Amma 'ya'yanta sun hau mumbarin karɓar lamba. Annette Echikunwoke a Amurka aka haife ta, iyayenta 'yan Najeriya, ita da kanta ta zaɓi ta yi wa ƙasar iyayenta jifan guduma. Ta isa Tokyo a 2021, sai aka sanar da ita da wasu tara cewa ba za su shiga gasa ba, don ba a yi musu adadin gwajin ƙwayoyi da doka ta shar'anta kafin zuwa ba. Babu wanda aka kama da shan komai a cikinsu, aikin ofis ne ba a yi ba. Bayan shekara uku ta ci azurfa a Paris da tutar Amurka a kafaɗa. A gasar dai aka manta ba a shigar da sunan Favour Ofili a gudun mita 100 ba bayan ta cancanta, Ese Ukpeseraye kuma sai da tawagar Jamus ta ara mata keke. Kafin su akwai Francis Obikwelu, wanda ya ce an yi watsi da shi bayan raunin da ya ji a Sidni, ya koma Fotugal ya ciyo mata azurfar mita 100 a 2004. Ina jin zafi in na ji ana kiran irin waɗannan maciya amana. Amanar wa suka ci? Wa ya biya kuɗin asibitinsu, wa ya san sunansu kafin su yi suna? Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa sai saura wata uku gasa ake buɗe sansanin horo, sai an ci kofi ake rabon gidaje da lambobin girma.

Inda aka yi rainon kuwa, ana ganin amfaninsa ko a nan. Ahmed Musa a Jos ya tashi, Kano Pillars ce ta fito da shi duniya ta gan shi. Ya je Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya, ya zura wa Ajantina biyu a 2014 ya zura wa Iceland biyu a 2018, bai taɓa yi wa kiran ƙasa nawa ba, ya gina cibiyar wasanni a Kano, kuma sau biyu yana dawowa ya saka rigar Sai Masu Gida a filin Sani Abacha. Babu wanda ya tilasta shi.

Ranar 28 ga Satumban 2025 aka yi tseren keke na duniya a Kigali, karon farko a nahiyar Afirka. Pogacar ya zo da koren rigar Sloveniya, ya ɓalle daga ayari tun da sauran tafiya mai nisa, ya yi fiye da kilomita 60 na ƙarshe shi kaɗai a kan tuddan birnin, ya riƙe kambun da ya ci a Zurich a 2024. A waya na kalla. Idona ya fi tsayawa kan yaran Ruwanda da suka yi dafifi a bakin hanya, wasu a kan katanga wasu a kan bishiya, don irinsu nake gani kullum a hanyar ƙauyenmu ranar kasuwa, ɗan shekara 12 da buhun masara a bayan keke yana hawa tudu bai sauka ba. Eritriya ta riga ta nuna abin da ke cikin irin waɗannan ƙafafu, tunda Biniam Girmay ya ci matakai uku da koren riga a Tour de France ta 2024, kuma a Asmara tseren keke na ƙarshen mako tsohuwar al'ada ce.

Abokin karatuna mai gudu ba takalmi, na haɗu da shi bara a bakin tasha, yana tuƙa A Daidaita Sahu. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya ce yara biyar, babban yana aji biyar a makarantar tamu. Na ce ko ya gado shi a gudu. Ya yi murmushi ya ce, "Wallahi ɗan'uwa ban sani ba, ai yanzu ba a yin intahaus, babu fili." Fasinja ya kira shi, ya tada mashin ya tafi.